Amsoshin Tambayoyinku: Jan Tirelar Jirgin Ruwa a Titunan Birtaniya

TAMBAYA: Ina zaune a Manchester ta ƙasar Ingila tare da iyalina. Wani abokin aikina zai bar gari, yana son ya sayar mini da ƙaramin jirgin ruwansa mai inji, haɗe da 'yar tirelar da ake ɗora shi a kai. Farashin ya yi daɗi, yara kuma sun matsa mini lamba. Bara na ci jarrabawar tuƙi ta nan ƙasar, kafin nan da lasisin Najeriya nake tuƙi. Mai jirgin ya ce babu wata takarda da ake nema, in maƙala a bayan mota kawai in kama hanya. Gaskiya ne? Me doka take nema daga wurina kafin in ja shi zuwa tafkin Windermere ko gaɓar tekun Wales? Na gode.

AMSA: Abokin aikinka bai yi maka ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa maka. Gaskiya ne ƙaramar tirela irin wannan, muddin a cikin ƙasar za ka riƙa yawo da ita, ba a yi mata rajista ta kanta, ba a biyan mata harajin hanya, ba a kai ta binciken lafiya na shekara-shekara da ake wa motoci, wato MOT. Abin da bai faɗa maka ba shi ne tunda babu wanda zai duba maka ita, kai ne mai dubawa. Ranar da ɗan sanda ko jami'in hukumar DVSA mai duba lafiyar ababen hawa ya tsayar da kai a gefen titi, ba zai tambayi wanda ya sayar ba, wanda ke riƙe da sitiyari zai tambaya.

Batun lasisi shi ne mafi sauƙi, don haka mu fara kawar da shi. A da, wanda ya ci jarrabawar tuƙin mota daga 1 ga Janairu 1997 zuwa gaba sai ya sake wata jarrabawa ta daban kafin ya ja tirela mai nauyi. Gwamnati ta soke wannan a ranar 16 ga Disamba 2021, lokacin da ƙasar ke fama da ƙarancin direbobin manyan motoci, domin masu jarraba direbobi su samu sararin jarraba direbobin daf. Yanzu a Ingila da Scotland da Wales lasisinka na mota ya ba ka damar jan tirelar da iyakar nauyinta da kaya bai wuce kilo 3,500 ba. Rukunin da ke nuna haka shi ne BE, kuma ko bai fito a jikin katinka ba yana cikin bayananka a hukumar DVLA mai ba da lasisi. Ireland ta Arewa ba ta bi wannan sauyi ba, masu lasisin can har yanzu suna yin jarrabawar. Da a ce ka rubuto mini kana kan lasisin koyo, wanda 'yan'uwanmu da yawa ke komawa kansa bayan wata 12 da aka yarda su yi tuƙi da lasisin Najeriya, da amsar gajera ce: mai lasisin koyon mota ba ya jan tirela.

Sai dai ka ce bara ka ci jarrabawa, kuma wannan ya sa nake so ka karanta sauran amsar a tsanake. Akwai dokar sababbin direbobi ta 1995 wadda ta ce duk wanda ya tara makin laifi 6 cikin shekara biyu na farko bayan cin jarrabawa, an soke lasisinsa, sai ya koma kan na koyo ya sake jarrabawa daga tushe, ta rubutu da ta tuƙi. Yawancin laifuffukan jan tirela maki 3 ne kowanne. Taya ɗaya da ta suɗe maki 3, rashin madubin da ya dace maki 3. A tsayuwa ɗaya a gefen titi mutum na iya rasa lasisin da ya sha wahala kafin ya samu.

Yanzu ga inda ƙurar take, wato nauyi. Mutane na jin kilo 3,500 sai su ɗauka an sakar musu mara, alhali wannan iyakar lasisi ce kawai. Motarka na da tata iyakar, ƙarfen ja da ke bayanta na da tasa, tirelar ma na da tata, kuma wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ce ke yin hukunci. Buɗe ƙofar motarka ka duba jikin ginshiƙin, ko ka ɗaga bonet, za ka ga wani ɗan faranti ko sitika mai ɗauke da lambar shasi da lambobi huɗu a jere. Na farko shi ne iyakar nauyin motar ita kaɗai da mutane da kaya. Na biyu shi ne iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Sauran biyun na gatarin gaba da na baya ne. Idan na farko ya nuna 2,000, na biyu ya nuna 3,400, to kusan kilo 1,400 motar za ta iya ja idan ita ma a cike take. Ka gwada wannan da abin da ke rubuce a littafin motar da takardar mallakarta ta V5C, inda galibi ake rubuta nauyi biyu, ɗaya na tirela mai birki ɗaya na marar birki. Idan kuwa gurbin lamba ta biyu fayau yake, ba a rubuta komai ba, to kamfanin bai ƙera motar don ja ba, kada ma ka fara. Wasu ƙananan motoci da wasu masu aiki da lantarki haka suke.

Ita ma tirelar tana da nata farantin a kan dogon wuyanta, kusa da inda ake maƙalawa. A nan ne za ka ga iyakar nauyin da aka yarda ta kai, ita da abin da ta ɗauka. Tirelolin da aka fara sayarwa sababbi daga ƙarshen Oktoba 2012 dole sai da hukuma ta amince da ƙirarsu, saboda haka faranti mai cikakken bayani ba ya wuyar samu a jikinsu. Tsofaffi kuwa, musamman waɗanda wani ya haɗa da hannunsa a bayan gida, sau da yawa tsatsa ta cinye farantin ko kuma ba a taɓa sa shi ba. Ni dai a ganina tirelar da ba a iya karanta farantinta ba ta cancanci kuɗinka ba, komai arhar jirgin da ke kanta.

Inda masu jiragen ruwa suka fi faɗawa shi ne wajen lissafa nauyin jirgin kansa. Nauyin da kamfani ke rubutawa a takarda na gangar jirgin ne a bushe, sau da yawa ma ba tare da inji ba. Bari in yi maka misali da lambobin da na ƙaga don lissafi kawai. A ce takarda ta ce jirgin kilo 650 ne, tirelar kuma an yarda ta kai 1,100. Mai sayarwa zai ce maka ai akwai sauran sarari har kilo 450. To ita tirelar da kanta tana da nauyi, a ce 250, saura 200. Injin da ke rataye a baya ya ci 110. Fetur lita 60 ya kai kilo 45, domin kowace lita kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce. Batir ya ci 20. Ba a zo kan anga da sarƙarta ba, da rigunan kariya, da kayan kamun kifi, da kulolin abincin da uwargida za ta ce a zuba cikin jirgi tunda but ya cika. Kafin ka ankara an haura 1,100. Ga kuma ruwan sama da ya kwanta a cikin jirgin idan an bar shi a buɗe, kowace lita kilo guda cur, kuma ka san Manchester ba ta rowar ruwa. Cire toshiyar da ke ƙasan bayan jirgin ka bar ruwan ya tsiyaye kafin tafiya, ka kuma tuna ka mayar da ita kafin ka sa jirgin a tafki.

Maganin wannan duka ɗaya ne, sikeli. Akwai sikelin auna motoci na jama'a a garuruwa da yawa, ƙaramar hukumarku za ta nuna maka mafi kusa, kuɗin kuma kaɗan ne. Roƙi abokin naka ku je tare kafin ka biya, da tankin mai a cike da duk tarkacen da ake tafiya da su. A auna mota da tirela a haɗe, sannan a auna tirelar ita kaɗai, ka karɓi takardar ka ajiye a mota. Tarar wuce nauyi a gefen hanya tana kamawa daga fam 100 zuwa 300 gwargwadon yawan abin da aka haura, idan ya yi muni kuma sai kotu. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne jami'in na da ikon hana ka motsawa har sai ka rage kaya, ga ka da yara a gefen babban titi.

Akwai wani nauyin kuma da ake mantawa da shi, wato wanda wuyan tirela ke dannawa a kan dunƙulen ƙarfen ja na mota. Littafin motar ya faɗi iyakarsa, a yawancin motocin gida tsakanin kilo 50 ne zuwa 100. Jirgin ruwa yana da wata matsala a nan da sauran kaya ba su da ita, domin abin da ya fi nauyi a jikinsa, wato inji, a can ƙarshen baya yake. Idan bayan ya rinjayi gaba, wuyan tirelar zai yi sakayau, da ka ƙara gudu ko wata babbar mota ta wuce ka sai tirelar ta fara wutsil-wutsil hagu da dama tana jan bayan motar. In hakan ta faru, ƙa'ida ta 98 a littafin dokokin hanya na ƙasar ta ce ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali har gudun ya ragu. Kada ka taka birki da ƙarfi, kada kuma ka bi shawarar masu cewa a ƙara wuta wai don ta miƙe.

Sai birki. Tirelar da nauyinta da kaya ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta. Wadda ba ta da birki kuma, ban da iyakar 750 ɗin, kada nauyinta ya wuce rabin nauyin motar da ke jan ta a lokacin da motar ba ta ɗauke da kowa. Wato mota mai kilo 1,200 ba za ta ja marar birki da ta wuce 600 ba. In kuma an sa wa tirela birki, ko da ƙarama ce da doka ba ta tilasta mata ba, dole birkin ya kasance yana aiki.

A wuyan tirela mai birki za ka ga wata siririyar wayar ƙarfe, galibi mai jar riga, da ƙugiya a bakinta. Aikinta shi ne idan tirelar ta kwance daga mota ana cikin tafiya, wayar ta fizgo birkin hannu na tirelar ya kama, sannan ita ta tsinke. Ana maƙala ta ne a ramin da aka tanada a jikin ƙarfen ja, da ɗan sassauci yadda ba za ta ja birki a kwana ba, ba kuma za ta riƙa jan ƙasa ba. Marar birki kuwa sarƙa ko waya mai kauri ake sa mata, gajera yadda ko ta kwance wuyanta ba zai caki kwalta ba. Doka ce, kuma akwai dalili. A Janairun 2014, a unguwar Bedminster ta birnin Bristol, wata tirela mai nauyin kusan tan biyu ta kwance daga motar da ke jan ta, ta hau gefen da masu tafiya a ƙasa ke bi, ta kashe yaro ɗan shekara uku yana tafe da mahaifiyarsa. Ba a maƙala ta daidai ba ne. Mutuwar yaron ce ta sa 'yar majalisar yankin, Karin Smyth, ta ɗauki maganar lafiyar tireloli zuwa majalisar dokoki, hukumar DVSA kuma ta shiga gangamin wayar da kan masu ja. Saboda haka bayan ka ɗora bakin tirela a kan dunƙulen ƙarfen ja ka ji ya yi ƙas, kada ka yarda da kunnenka. Murɗa ƙaramar tayar gaba ta tirelar ƙasa kamar za ka ɗaga ta. In ta kama da gaske za ka ga bayan motar yana ɗagowa tare da ita. Shi ma ƙarfen jan, in motarka ta fara hawa titi bayan 1 ga Agusta 1998, dole ya zama wanda hukuma ta amince da ƙirarsa don irin motar, da lambar shaida a jikinsa. Ba aikin mai walda ba ne.

Tirelar jirgi ta bambanta da sauran tireloli ta wata fuska: ita kaɗai ce ake tsoma ta cikin ruwa da gangan. Ka yi tafiyar awa biyu, boris ɗin tayoyin ya yi zafi, ka iso ka sulala da ita cikin ruwan sanyi. Iskar da ke cikin cibiyar tayar sai ta tsuke ta zuƙo ruwa, ruwan ya gauraya da giris, tsatsa ta fara aikinta a ɓoye. In ruwan teku ne abin ya fi muni, gishiri na cin wayoyin birki da takalmansa har su ƙage. Shi ya sa masu jirage ke jira cibiyar ta huce kafin su shiga ruwa, su kuma wanke da ruwan famfo bayan sun fito. Kafin ka saya, sa jak ka ɗaga kowace taya, ka juya ta da hannu kana saurare. In ka ji gurnani, ko ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza ka ji tana wasa, boris ya tafi. Duba tayoyin su ma. Doka na neman zurfin zanen taya ya kai milimita 1.6 a kashi uku cikin huɗu na tsakiyarta, daidai da na mota, amma tayar tirelar jirgi ba kasafai take suɗewa ba, tsufa take yi a tsaye. Za ka ga zane raɗau, gefen kuma duk ya tsattsage. Tuƙa abin hawa marar lafiya da zai iya jawo haɗari laifi ne a ƙarƙashin dokar zirga-zirga ta 1988, tararsa na iya kai fam 2,500 da maki 3, har da yiwuwar a hana mutum tuƙi.

Fitilu kuma, saboda wannan shiga ruwan, yawanci a kan wani dogon allo ake jera su, a ɗaure a bayan jirgi, a cire kafin a sauka ruwa. Allon ya ƙunshi jajayen fitilun baya biyu, na birki biyu, sigina, fitilar da ke haska lamba, da jajayen madubai masu ƙyalli guda biyu masu kusurwa uku, waɗanda tirela kaɗai ake sa wa. In tirelar na da faɗi sosai ana neman fitilar hazo ma. Lambar da ke jikin allon dole ta zama lambar motar da ke ja a ranar, bugaggiya mai ruwan ɗorawa irin ta bayan mota. Allon da abokinka zai ba ka lambar motarsa ce a jiki, sai ka buga taka. Kwali da aka rubuta da hannu ba ya karɓuwa. Sa wani ya tsaya a baya ka gwada kowace fitila duk ranar da za ka fita, domin soket ɗin da ya sha damshi yau ya yi aiki gobe ya ƙi.

Faɗin tirela kada ya wuce mita 2.55. Tsawonta, in mota ce ta gida ke ja, mita 7 ne ba a haɗa da wuya ba, ko da yake akwai sassauci ga tirelar da aka ƙera musamman don dogon abu da ba ya rabuwa biyu, jirgin ruwa kuma na ciki. Shi jirgin yana iya ɗan fin tirelar faɗi, amma kada ya leƙo fiye da milimita 305 ta kowane gefe, kada kuma faɗin gaba ɗaya ya haura mita 2.9, in ya haura sai an sanar da 'yan sanda kafin tafiya. Abin da ya leƙo ta baya fiye da mita ɗaya dole a sa masa alamar da za a gani sarai, kuma a nan jan ƙyallen da direbobin Najeriya ke ɗaura wa rodi ko katako yana da gurbi. In ya wuce mita biyu sai allon alama na musamman. Farfelar inji kuwa wuƙa ce a daidai fuskar mai babur da ke bin ka, rufe ta da jaka mai kauri mai launi mai haske, irin wadda shagunan kayan jirgi ke sayarwa. Kada ka dogara da igiyar da ke jawo jirgi kan tirela a matsayin ɗauri. A ɗaure gaban jirgin daban, a ɗaure bayansa da bel mai ƙarfi a jikin ƙarfen tirelar, a kuma tattara duk abin da iska za ta iya ɗauka daga ciki. Yara za su roƙa a bar su su zauna cikin jirgin ko da daga bakin layi ne zuwa gida. Amsar a'a ce.

In jirgin ya fi bayan motarka faɗi, sai ka ƙara madubin ja a kan madubanka na gefe. Rashinsa tara ce da ke iya kai fam 1,000 da maki 3.

Gudu kuma ba irin wanda ka saba ba ne. Inda ka ga farin allon nan mai zagaye da baƙin layi a karkace, sauran motoci za su yi mil 60 a titi mai falle ɗaya, kai 50 ne naka. A tagwayen titi da manyan titunan da lambarsu ke farawa da M, su 70, kai 60. A kan M6 hanyar Windermere, ko duk irinsa mai layi uku ko fiye, layin ƙarshe na dama haramun ne gare ka, ko da na gabanka yana tafiyar hawainiya, sai fa in an rufe sauran layukan. In ka bi A55 zuwa gaɓar arewacin Wales, ka tuna tun Satumban 2023 yawancin titunan cikin gari a Wales mil 20 ne, ba 30 ba kamar na Ingila. Doka ba ta tilasta maka koyon ja ba, amma ina ba ka shawara ka biya mai koyarwa na yini guda, ko aƙalla ka je wani fili da sassafe ka koyi ribas. Gangaren da ake sauke jirgi a bakin ruwa da baya ake shigarsa, ga santsin gansakuka, ga layin mutane na jira suna kallo.

Kira kamfanin inshorarka ka gaya musu za ka sa ƙarfen ja kuma za ka riƙa jan tirela. Yawancin inshorar mota tana biyan ɓarnar da tirela ta yi wa wani muddin tana maƙale da motar, amma ba ta biyan jirgin ko tirelar kansu, wannan sai inshora ta daban. A Windermere kuma jirgi mai inji sai an yi masa rajista da hukumar gandun Lake District kafin ya taɓa ruwa.

Abu na ƙarshe da ba ka tambaya ba, a ina jirgin zai riƙa kwana? Ƙa'ida ta 250 ta hana a bar tirela a kan titi da dare ba tare da fitila a kunne ba, ko da a unguwar da motoci ke kwana a gefen titi babu fitila. In gidanka irin na jere ne da ba shi da filin ajiye mota, nemi wurin ajiyar jirage ko na tireloli ka ji kuɗinsu na shekara, ka haɗa da kuɗin ƙarfen ja da na gyaran birki da boris, sannan ka koma wurin abokin naka ku sake zama a kan farashi.